Inuwa, Masuncin da Bai Iya Ruwa Ba

A wani ƙauye na bakin fadama, tafiyar rabin yini daga ganuwar Haɗeja ta wajen Baturiya, tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba, an yi wani mutum ana ce masa Inuwa mai kaba. Saƙar tabarma ya gada, kuma fataken da ke kai bandar kifi Barno sukan tsaya su ɗauki tasa don ba ta saurin zarewa. Garin masunta ne, kowa da goransa na hawa ruwa da homarsa ta kamun kifi, har tsofaffin mata sun iya ruwa. Shi kuwa gogan naka ko alwala zai yi sai ya ɗebo a buta ya ja da baya taku goma. Yana ɗan shekara bakwai kogi ya taɓa jan sa, tun daga ranar suka raba gari.

Amininsa Gwadabe shi ne gwanin su na garin. In ya kwanta rubda ciki a kan gora ya buɗe homa, sai ka ce kifin ne ke nemansa. To, a ƙetare akwai wata tunga da ake dafa burkutu. Da farko kifi yake kai wa masu tungar, aka ce ya ɗanɗana, kafin damina uku ta wuce cikin goran da ake zuba kifi ya zama maɓoyar ƙaramar buta. Matarsa Saude ta yi kuka har ta gaji. Inuwa ya yi nasiha, ya karɓo rubutu wajen malam, ya taɓa ma ɓoye goran a rumbu, duk a banza. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rantsuwar: mutum yana tangaɗi, wari yana tashi, amma ya dube ka ya ce shi ko ganin ta bai yi ba. Bai taɓa amsawa ba, ko sau ɗaya.

Wata rana da hantsi aka tsinci Gwadabe yana barci a kan gora, ruwa ya kai shi cikin kainuwa, fuskarsa saura kaɗan ta nutse. Fannami, Sarkin Ruwan garin, ya tara masunta ya yanke magana: in Gwadabe ya sake shiga ruwa da maye, za a fasa goransa a gaban jama'a. A al'adarsu kuwa wanda aka fasa wa gora ya bar ruwan nan ke nan har abada. Gwadabe ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, kuma Inuwa ya san in aka raba shi da kogi tungar nan ce za ta cinye shi ɗungurungum.

Washegari da safe sai ga Inuwa a ƙofar gidan Gwadabe, da goran aro a ka da wata doguwar igiya da ya tuƙa da kaba. Ya ce kamun kifi ya zo koyo. Gwadabe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye shi ko aljanu ne suka taɓa shi. Inuwa ya ɗaure igiyar a ƙugunsa, ya miƙa masa ɗaya bakin.

"Ka san ban iya ruwa ba," in ji shi. "In na zame, kai ne za ka jawo ni. In kuma ka yi barci, sai ka je ka gaya wa iyalina da bakinka."

Jama'a, ranar an sha kallo. Inuwa ya hau gora, gora ya juya da shi, ya yi ta salati yana kiran sunan uwarsa da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Mata suka bar wanki suna tafi. Sau shida Gwadabe yana jawo shi kamar akuyar da ta faɗa rijiya, kuma abin da homarsa ta kamo a yinin nan kwaɗo ne guda. Tsoro kam ya ji shi har cikin ƙashinsa, bai kuma ɓoye ba. Amma da gari ya waye ya dawo da igiyarsa.

Kwanakin farko sun yi wuya. Rashin burkutu ya sa gumi yana keto wa Gwadabe, abu kaɗan ya hau faɗa. Inuwa yakan cusa masa goriba ya yi ta gaigaya, Saude ta aiko da fura mai tsami. Daga safe zuwa la'asar suna ɗaure da juna, babu halin ƙetarawa tunga. In sun fito kuma Inuwa ya zube masa kaba ya ce tsaga, ai koyo ba a yin sa ɓangare ɗaya. Tabarmar farko da Gwadabe ya saƙa ta fito a karkace, ko kare ya ƙi kwanciya a kai. A haka suka yi wata huɗu, Gwadabe ya yi ƙiba, Inuwa ya fara kamo karfasa.

Da ruwa ya ja aka sa ranar buɗe babban gurbi, sun da ake yi sau ɗaya a shekara, wanda har mutanen Miga suke zuwa. Ana gobe za a yi, Inuwa ya kai tabarmi kasuwar Haɗeja, yini ɗaya tak ya bar abokinsa. Da safe bakin gurbi ya cika, makaɗa suna ta kiɗa, sai ga Gwadabe idanu jajur, bakinsa yana warin ɗanyar albasa. Inuwa ya matsa kusa, ya ji abin da ke ƙarƙashin albasar. Gabansa ya faɗi. Zurfin gurbin nan tsayin mutum uku ne. Duk da haka ya ɗaure igiyar a ƙugu, ya miƙa ɗaya bakin kamar kullum.

Gwadabe ya karɓa. Ya dubi ruwa, ya dubi abokinsa, ya daɗe a tsaye. Har Fannami ya ɗaga hannu zai ba da izini, sai Gwadabe ya yi magana da ƙarfi, yadda kowa ya ji.

"Kwance igiyar nan, Inuwa. Na sha."

Kiɗa ya tsaya. Wasu suka fara cewa a kawo taɓarya a fasa gora. Fannami ya dubi ƙafafun Gwadabe, ya ga busassu ne, ya ce shi wanda ya shiga ruwa da maye ya ambata, wannan kuwa a kan tudu yake. Aka faɗa ruwa aka bar su su biyu a gaɓa. Gwadabe yana hawaye, Inuwa kuwa murna ta cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, don shekara uku yana jiran kalmar nan. Ranar ko kifi ɗaya ba su kai gida ba, Saude ta yi musu miyar kuka.

Ba zan ce daga nan Gwadabe bai ƙara ba. Ya ƙara sau biyu, kuma kowane karo shi da kansa ya zo ya faɗa tun kafin a kai bakin ruwa. Goransa dai ba a fasa ba har tsufa ya sauke shi. Shekara goma sha tara suka yi suna shiga kogi a ɗaure, har baƙi suna tambaya wane ne makahon a cikinsu.

Wata rana, furfura ta riga ta fito musu, Gwadabe ya ce abin kunya ne mutum ya yi wannan shekaru a kan gora bai iya ruwa ba, ya zo ya koya masa, kwana bakwai sun isa. Inuwa ya ci gaba da ɗaure igiyarsa.

"A'a, bar ni haka," ya ce. "In na iya, kai kuma wa zai riƙe ka?"