'Yar Farin Malam Buba

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar Larabar da masu zaɓen 'yan wasa na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasa suka zo Dutse ba. Ke Maryam, ajiye wayar nan ki saurara, tunda ke ce kullum kike cewa aikinmu cike fom ne kawai. To fom ɗin ne ya kusa kashe ni a tsaye ranar.

Lokacin ina mataki na tara a aikin gwamnati, ni ce jami'a mai kula da wasannin mata a ofishin nan. Sunan kujerar ya fi kujerar girma. Shekaru na yi ina zarya tsakanin Kafin Hausa da Miga da Garki, ina durƙusa wa iyaye su bar 'ya'yansu mata su buga ƙwallo da dogon wando da ɗan hijabi. Wani ya ba ni ruwa ya sallame ni, wani ko tabarma ba zai sa a shimfiɗa min ba. Duk ranar da aka nuno matan ƙungiyar ƙasa a talabijin ɗin ofis suna ɗaga kofin Afirka, sai mazan nan su juyo gare ni, "Hajiya, ina naki?" In ce suna tafe. Alhali ko ɗaya ba ni da ita, kuma wallahi maganar tana ci min rai.

Sai Allah ya kawo min Asma'u. Doguwar Bafulatana ce, shekararta goma sha shida, mai tsaron raga. Asalinta wata ruga ce kusa da Miga, amma a Kafin Hausa ta tashi, a hannun ƙanin mahaifinta, Malam Sale, wanda malamin firamare ne. Shi ya sa ta a makaranta, shi ya fara saya mata safar hannu. Ya rasu shekara guda kafin wannan rana, Allah ya jiƙansa. Yarinyar ba ta da surutu, amma in ta tsaya a raga sai ka rantse ragar ce ta ƙanƙance.

Bari in yi muku bayanin yadda zaɓen yake, don sababbin cikinku. Ƙungiyar ƙasa tana da ta manya, tana da ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, kuma daga ta ƙananan ake hawa ta manya. Da safe a gwada yara a fili. Wadda ta yi fice, bayan azahar sai a zauna a kan takardunta guda uku: ta haihuwa, ta makaranta, da ta amincewar iyaye. Daga nan uba ko mai riƙo ya zauna gaban babbar mai zaɓe, ya faɗi sunansa da sunan yarinya da bakinsa, a ɗauka a waya, ya dangwala hannu. Ƙarfe huɗu daidai za a tura jerin sunaye hedikwata. Wadda ba ta shiga ba sai wani zagayen, kuma kafin wani zagayen Asma'u ta wuce shekarun.

Babbar mai zaɓen wata mata ce daga kudu, Madam muke ce mata. Tana cikin matan farko-farko da suka buga wa ƙasar nan, gwiwarta ɗaya ma ba ta lanƙwasuwa sosai. Ta taɓa zama a arewa, tana jin Hausa tsinta-tsinta. Da safe Asma'u ta tare bugun daga kai sai mai tsaron gida har uku a jere, na ga Madam ta cire tabarau ta rubuta wani abu. Na ce a raina, yau mazan ofis za su haɗiye maganarsu.

Ga inda na tafka kuskurena. Tun mako guda kafin nan na lura takardar makaranta tana ɗauke da Asma'u Sale, ta haihuwa kuwa Asma'u Buba. Ban ɗauke shi komai ba, don duk wanda ya tashi a nan ya san ɗan riƙo da sunan mai riƙonsa ake sa shi a makaranta. Na ce ai uban yana raye, shi zai warware da bakinsa. Na aika Miga aka taho da shi. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, ita ce ta nawa a wurinsa.

Ƙarfe uku saura aka kira mu. Malam Buba ya shigo da malafarsa da sandarsa, ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka ce kujerar aro ce. Asma'u tana tsaye jikin bango, kanta a ƙasa. Madam ta jera takardun biyu, ta ɗaga waya, ta ce da Hausarta, "Baba, wannan yarinya naka ne?"

Bai ko kalli inda yarinyar take ba. Ya zuba wa kan sandarsa ido ya ce, "Ta wajen Sale ce."

"Mene ne sunanta?"

"Ku tambayi Hajiya."

Innalillahi! 'Yar fari ce! Ni da uwata har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, sai dai "wancan yaron", ni ce na manta da kunyar ɗan fari. Kuma ta Fulanin ruga ta ninka tamu. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya nuna nasa ne a gaban mutane, shi ya sa ma tun farko ake bai wa dangi riƙonsa. Na ɗauko bawan Allah tun daga Miga na zaunar da shi gaban baƙuwa, na ce ya yi abin da bai taɓa yi ba.

Madam ta kashe wayar, ta rufe fayil ɗin a hankali. Rufewar nan har cikin ƙashina na ji ta.

Na shiga yi mata bayani da Turanci, bakina har yana harɗewa. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Hajiya, duk jihar da na je, in takarda ta saɓa da takarda, sai a ce min al'ada ce." Ta ce lokacin da suka fara, takalman maza ake ara musu, 'yan kallo kuma dariya suke zuwa yi. Da gwiwoyinsu suka sayi mutuncin da ƙungiyar take da shi yau. Yarinya ɗaya mai takardar ƙarya ta isa ta jawo a kori ƙungiya gaba ɗaya daga gasa. Ta ce, "Uba biyu gare ta. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya ce ba tasa ba ce. Ke a kujerata me za ki yi?"

Gaskiya ta faɗa. Na ce ta ba ni lokaci. Ta dubi agogon bango ta ce huɗu saura kwata za ta rufe jeri.

A baranda wani abokin aikina, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu muna gaisawa, ya raɗa min wai a samo wani dattijo a waje a ce shi ne uban na gaske, wannan kawu ne ya ruɗe. Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta ɗan saurare shi. Sannan na ce masa ya kauce min daga gani kafin in yi masa rashin mutunci. Gaskiya ce a hannunmu, don me za mu sayar da ita mu sayi ƙarya?

Na tarar da Malam Buba a gindin darbejiyar da ke bayan ofis, ya tsuguna. Na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Baba, laifina ne, ka yafe ni. Amma in ba ka faɗa ba, sun tafi sun bar ta."

Ya ce, "Hajiya, shekara goma sha shida bakina bai ɗauki sunan nan ba. Ba kya iya faɗa musu a madadina?"

"Na faɗa. Naka suke so."

"Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har aka kai shi makwancinsa bai kira nawa ba, kuma ban ce ya ƙi ni ba."

Kun san bakina, ba ya jiran izini. Na ji kawai na ce, "Ranar da aka kai shi, ba ka so a ce ko sau ɗaya ka taɓa ji ba?"

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na ce shike nan, garin neman gira na rasa ido, yanzu zai ɗauki sandarsa ya nufi tasha. Na kalli agogon hannuna, uku da rabi ta gota. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, ni kuwa gumi yana bin bayana har zanina ya jiƙe.

Can ya ce, "Ƙwallo ta ukun nan da ta ture, da hannun hagu ta ture ta. Hannun da saniya ta taka tana shekara huɗu. Na ɗauka ba zai ƙara moruwa ba."

Na ce, "Au, Baba, ka ga wasan?"

"Ina bayan katanga." Ya ƙara da cewa, "Wasanninta na Kafin Hausa ma duk ina bayan katanga."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "A fitar da ita daga ɗakin. A rufe ƙofa."

Da sauri na shiga na ce wa Asma'u ta je fili ta jira ni. Muka rage mu uku. Saura minti biyar a lokacin da Madam ta ba ni. Malam Buba ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, ya jingine sanda. Ya zura hannu can cikin aljihun 'yar ciki ya zaro wata 'yar jakar fata, ya warware. Katin rigakafi ne na asibiti, ya yi laushi don tsufa, ga sunan jaririya, ga nasa, ga ranar haihuwa daidai da ta takardar. Ashe duk shekarun nan a ƙirjinsa yake yawo da shi.

Madam ta duba katin gaba da baya, ta ce yana da kyau, amma ƙa'ida sai ya faɗa. Ta ɗaga waya.

Ya ce, "Ni ne Buba. Ni na haifi..." Sai maganar ta tsaya. Leɓensa yana motsi, sauti ya ƙi fita. Fankar sama tana ta ƙara, ni kuwa na damƙe gefen tebur ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Madam ba ta sauke wayar ba, ba ta kuma kalli agogo ba, wannan na shaide ta.

Sannan ya ce, "Asma'u." Muryar ta fito a shaƙe kamar ba tasa ba. Ya sake cewa, "Asma'u 'yata ce. Ranar Juma'a aka haife ta, ana yankan gero. Ni na bai wa Sale ita da hannuna."

Ya dangwala yatsa. Madam ta buɗe fayil ta rubuta, ta tura jerin, sannan ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin rigarta. Ta ce masa, "Baba, na gode," har da ɗan rusunawa, duk da gwiwar tata.

Ni dai da na juya, sai idona ya faɗa kan tagar bayan Madam, wadda gilashinta biyu suka fashe tun da daɗewa ba a gyara ba. Ga kan hijabi a ƙasan tagar. Yarinyar ba ta je fili ba. Na yi sauri na tsaya na kare tagar da jikina, kada ya gani.

Ya mayar da katin cikin jakarsa, ya sa malafa. A ƙofa ya ce min, "Hajiya, ki ce wa ta wajen Sale ta riƙe salla a can." Ya wuce ta gabanta a baranda bai kalle ta ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Bayan ya fita na zagaya na same ta zaune a ƙasa, ta toshe baki da safar hannunta, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Ke, an ɗauke ki fa, tashi." Ban ga alamar ta ji ni ba.

Ta je sansanin horo, ta zauna, daga baya har ta sa rigar ƙasa. Ranar da aka nuno ta a talabijin ɗin ofis, ban ce wa mazan nan uffan ba, na dai ƙara murya. Amma ba wannan ne dalilin da na tara ku ba.

Kun ga layin nan da ke fom ɗinmu na yanzu, inda aka rubuta sunan mahaifi, a ƙasansa kuma sunan mai riƙo? Ni na yi ta naci har aka ƙara shi. Kuma kun ga ba na aika a kira uba sai na tambayi yarinya, "Ke ce ta nawa?" In ta fari ce, ni nake zuwa gidan tun da sauran kwanaki, in zauna da shi, a san yadda za a yi ba a gaban jama'a ba. Ƙa'idar Madam gaskiya ce, kunyar Malam Buba ma ba ƙarya ba ce. Aikinmu shi ne mu san su duka biyun tun kafin su haɗu a ɗaki ɗaya agogo yana tafiya. Ni ban sani ba sai da na sa dattijo ya yi gumi a gaban baƙuwa, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Ranar da na raka Asma'u tasha za ta tafi sansani, na ga ta yi shiru, na ce ko tsoro take ji kada su koro ta. Ta girgiza kai ta ce, "Anti, ko sun koro ni ba komai." Ta gyara jakarta a cinya, ta sunkuyar da kai. "Sau biyu fa ya kira sunana."