Tafiyar Agwagwar Da Ta Farke Ɗinkin Gwaggo

Shekarar da na gama aji uku na sakandare, duk unguwarmu a Rano babu wadda ta kai ni kwaikwayon mutane. Ko akuya ce ta yi atishawa, sai na ƙara wa labarin gishiri an yi ta faɗuwa don dariya. A lokacin ne aka yi wa gwaggona aiki a Kano, aka cire mata ciwon daji a gabanta. Mu yara aka ce mana maruru ne. Ta dawo gidanmu jinya tana tafiya ƙafafu a ware, ba ta zama sai kwanciya a gefe.

Ranar da matan garin Fammar suka zo dubiya, na ratsa tsakar gida ina tafiyar agwagwa har da nishi, na ce wai in Gwaggo ta kama hanyar banɗaki da hantsi sai la'asar take isa. Aka yi dariya har wata ta ƙware da kunu. Ashe Gwaggo tana kallona ta bayan labule. Washegari ta tashi ta ce ta warke, za ta sunan jikarta a Tarai. Innata ta tuna mata likita ta hana ta zama, balle hawa babur. Gwaggo ta ce ai ita ba agwagwa ba ce. Kafin mai acaɓa ya kai ta Kibiya ɗinkin ya farke, zaninta ya jiƙe da jini.

Aka mayar da ita asibiti a Kano, ni aka tura jinya. A gabana likita ta ce da farko haɗa bakin wurin suka yi suka ɗinke, yanzu ba zai haɗu ba. Ko dai a bar shi buɗe ana wankewa kullum har ya cike da kansa, ko a yanko fata daga cinyarta a rufe. Gwaggo ta zaɓi na cinya. Wata guda ina juya ta, ina kai mata fo, ina jin yadda take danne kuka.

Da na roƙi gafara ta ce ta yafe, amma in sani ko tafiyar ban iya ba, na cika kaɗa ƙugu. Dariyar da ta yi ta fi mini duka zafi. Har yau in ta durƙusa salla sai ta dafa bango. 'Yan'uwana masu baki irin nawa, in kun ga babba na wata irin tafiya kuma an ce muku maruru ne, ku yi shiru, ku miƙa mata hannu. Mara lafiya yana iya jure ciwo, amma ba lalle ya jure kunya ba.