Yadda Na Hau Bangon Rumbu da Yatsuna

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a yankin Damaga. Ban yi boko ba, maƙwabciyata malamar makaranta ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta aje biro ta jira ni. Kafin Allah ya ɗauki mai gidana, ni mace ce mai ƙarfin hannu. In soya gyaɗa, a niƙo, in murza da muciya har mai ya fito, ran kasuwar Maradun a tafi mini da ƙuli-ƙuli. Ban san kafaɗa na ciwo ba.

Da ya rasu na shiga takaba. Kun san halinmu, ba a barin mai takaba ta taɓa komai. In na kai hannu ga taɓarya a ƙwace, in na nufi rijiya a tare ni. Ni ma zuciya ta mutu, sai in wuni jingine, hannun dama naɗe cikin zane. Ɗan ciwon da na fara ji a kafaɗa sai na ƙara lallaɓa shi, don mun taso ana cewa gaɓa mai ciwo hutu take so. Ranar da na fita takaba na zo ɗaura kallabi, hannu ya ƙi kai kunnena.

Babban ɗana, mahauci ne a Talata Mafara, ya ce ba zai bar ni ina neman mai sa mini riga ba. In damina ta faɗi hannun bai saki ba, zai kwashe ni a rufe ɗakin. Yana da gaskiya, amma ɗakin nan aka kawo ni amarya, nan na haihu, nan bawan Allah ya cika, kansa bisa cinyata. Sai na shiga neman magani ido rufe. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar rariya. Wani mai kemis a Bakura ya riƙa yi mini allura, in samu sauƙin kwana biyu, ciwo ya dawo. Awakin da marigayi ya bar mini suka bi ta nan, ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya surukata ta ja ni ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta ɗaga hannun, ta juya shi, ta tambaya ko na taɓa faɗuwa, na ce a'a. Ta ce ba karaya ba ce, zama ne ya ɗaure gaɓar. Ta nuna mini in sunkuya in saki hannu yana lilo kamar guga a rijiya, in riƙe muciya da hannu biyu mai lafiya ya riƙa tura mai ciwo sama, sannan in tsaya gaban bango in hau shi da yatsu. Safe da yamma, in riƙa dawowa tana dubawa. Da na tambayi allura ta yi dariya, ta ce allurata tana can jingine a madafa. Ban biya komai ba sai kati. Na fito ina huci, na gaya wa surukata an raina ni ne don an ga talaka, maganin da ba a saya ba ai ba magani ba ne. Ga kuma kunya: a ga tsohuwa tana yakushin bango, a ce mutuwar miji ta taɓa mata kai. Na yi watsi da maganar, na sayar da akuyar da ta rage na koma wa allura. Wannan har yanzu yana cina.

Sai da turke ya zama ba komai sannan na zagaya bayan rumbu, inda ba mai ganina, na ɗora yatsu. Marigayi ne ya gina rumbun, ya yaɓe shi da hannunsa. Ina ɗaga ido sai ga sawun yatsunsa a busasshiyar laka, layi bisa layi, can sama kuma ga tafinsa guda inda ya dafa. Shekara da shekaru ina wuce wurin ban lura ba. Na yi kuka na ƙoshi, na ci gaba da hawa. Akwai zafi, ba zan ɓoye ba, amma in an kwana biyu sai in ga na wuce wani layi. Wata ƙawata ta rutsa ni a wurin, ta tambaya ko tsufa ya mai da ni ƙadangare, na ce gara ƙadangare a gidansa da mutum a gidan wani.

Da ruwa ya sauka ɗana ya zo da mota. Bayan mun gama gaisuwa na miƙe na sauko masa da ƙwaryar fura daga ragaya da hannun dama. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce wa direba ya juya. Sai bayan kaka tafina ya kai na marigayi, nasa ya haɗiye nawa kamar yadda ya saba. Hannun bai koma kamar na da ba, amma ina wankina, ina tuƙa tuwona a ɗakina.

Abin da ke ba ni mamaki, Ubangiji ya ajiye maganin a jikina tun farko, ni kuwa ina yawo da igiyar akuya ina nemansa a kasuwa. 'Yan uwana mata, in gaɓa ta daɗe tana ciwo ku je a duba ku, don ba kowane ciwo ne irin nawa ba, kuma kada ku raina abin da aka ce ku yi don ba a karɓi kuɗinku ba. Ku kuma masu tausayin mai takaba, ku bar ta ta share tsakar gidanta, ta ja gugarta. Baƙin ciki ya ishe ta kaya, kada ku haɗa mata da ƙwace hannuwa.