Majigin Ranar Talata a Nuzla

Na sauka Jidda da jirgin ruwa daga Sudan ina amarya, ban cika shekara ashirin ba. Maigidana direba ne a wajen wasu attajirai masu gida a Abhur, can bakin teku. Asabar da safe yake tafiya, ba na sake ganinsa sai Alhamis da la'asar. Ya kama mana ɗaki a unguwar Nuzla, ya nuna mini inda ake ɗibar ruwa da shagon mai burodi, ya koma bakin aikinsa.

Wata uku na yi ban shiga gidan kowa ba. Larabcina na Sudan ne, in na buɗe baki sai 'yan mata su kama kwaikwayona. Hausar haifaffun Jidda kuwa rabinta Larabci ne, kafin in kama kan magana sun wuce. Sai na riƙa yini a ɗaki, in share inda na riga na share, in yi kuka in wanke fuska.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ce ta fitar da ni. Babbar mace ce, haifaffiyar Jidda, kakanninta sun zo aikin hajji daga Kano suka zauna. Kowa Yaya yake ce mata. Wata Talata bayan azahar ta ɗaga labulena ba ta jira na amsa sallama ba.

"Amarya, mutuwa kika zo yi ƙasar nan? Yalla, ɗauki mayafinki."

Mijinta yana ba da hayar injin majigi ga masu biki. Finafinan Masar da na Indiya kullum suna waje, wannan gida ya karɓa wancan ya mayar. Abin da ke kwana a shagonsa shi ne waɗansu tsofaffin finafinan Turawa na ban tsoro, marasa launi, duk sun kakkarce, ba mai nemansu. Su ne Yaya ta samu. Da ido ta koyi saka fim a jikin injin, mijin kuwa ya yi kamar bai sani ba. Duk Talata takan toshe tagar ɗakin ajiya da bargo, ta rataya farin zanin gado a bango, matan layinmu su cika ɗakin da 'ya'yansu a baya.

Ranar na zauna a ƙarshe, jikin ƙofa. Zafi kamar a tukunya, fanka ɗaya tana juya shi. Aka kunna. Ga wani likita mai farar riga da gashi a tsaye, kwalabe na tafasa a gabansa, ya ɗaure wani saurayi a kan gado yana tsira masa allura. Ba wadda ke jin Turanci, don haka kowa na faɗin abin da ta ga dama. Wata ta ce ɗansa ne, wata ta ce ɓarawo ya kama.

Akwai rubutun Larabci da ke fitowa a ƙasan hoton. Ni na yi aji huɗu a makaranta can gida. Ban san lokacin da na ce a hankali, "Ya ce masa kada ya ji tsoro, in wata ya cika zai fi kowa ƙarfi."

Yaya ta kashe injin.

"Wa ya yi magana?"

Wata ta nuna ni.

"Kina karanta wannan? Shekara biyu muna kallon mutanen nan kamar kurame! Taso, dawo nan gaba."

Aka buɗe mini hanya har gindin zanin. Na fara karantawa. Da na iso inda rubutun ya ce saurayin zai koma zi'ib, sai na rasa Hausarsa. Wata tsohuwa da muke kira Inna, ita ma daga Sudan ta zo tun da daɗewa, ta ce, "Kura ce, 'yar nan, ki ce kura. A garinmu akwai wanda ke yi, an san shi." Wata ta ce a'a, kyarkeci ne. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin mutum ya rikiɗa kyarkeci ba. Kura muka bar shi har muka rabu.

Daga ranar na samu wurin zama. Na daina zama amaryar direba, na koma mai karatu. Da Bature ya motsa baki sai ka ji ɗaki ya ɗauka, "Esh gal? Me ya ce?"

Finafinan nan, Allah ya sani, ba su da wani kyau. Matakala ɗaya muka gane a fim uku daban. Jemagen da ke shigowa ta taga muna ganin zaren da aka rataye shi. Mutumin zai rikiɗa, gashi ya rufe masa fuska da hannuwa, amma wandonsa a goge, wani lokacin har da takalmi. Duk da haka in ya leƙo daga bayan bishiya sai mun yi ihu mun riƙe juna, sannan mu fashe da dariya. Inna ba ta yarda likitocin nan likitoci ba ne. "Boka ne," in ji ta, "farar riga kawai ya samu." Shi kuwa mai rikiɗar tausayinsa take ji. In ya farka da safe riga a yage bai san abin da ya aikata ba, takan ce, "Wayyo, ɗan mutane. Ba shi da uwa ne da za ta nema masa magani?"

Wata Talata aka sa fim, muka jira rubutu, babu. Duk ido ya dawo kaina. Na ji kunyar in ce ban sani ba, sai kawai na fara. Na ce likitan matarsa ce ta rasu, shi ya sa yake neman maganin mutuwa. Na ce saurayin maraya ne da ya riƙa tun yana ƙarami. Duk motsin bakinsu sai na ba shi magana. Da aka harbe saurayin a ƙarshe, na sa ya nemi gafarar mutanen gari, har Inna ta goge ido da bakin mayafi.

A cikinmu akwai wata mai aikin wanki da guga a gidan Turawa, tana tsintar Turanci. Bayan an watse ta biyo ni har ƙofa.

"Kin san abin da ya ce lokacin da zai mutu?"

Na sunkuyar da kai.

"Tambaya ya yi ƙarfe nawa." Ta kama dariya har ta dafa bango. "Wallahi naki ya fi. Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ki sayi littafi ki riƙa rubuta irin wannan, kada ya tafi a banza."

Ba ta taɓa faɗa ba. Littafin kuwa na saya a satin, a shagon da ke kusa da masallaci, kuma shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa ba don malami ya duba ba.

Shekara ta zagayo ina da tsohon ciki. Yaya ta ce in huta, na ƙi. Ranar wata Talata muna tsakiyar fim, likita ya ɗaga hannu zai ja wani ƙarfe, sai na ji marata ta murɗa. Na daure na karanta layi biyu, na uku ya maƙale.

"Esh gal?" in ji wata daga baya.

Yaya ta dube ni sau ɗaya ta kashe injin. "Halas, kallo ya ƙare. Ku kwashe yara. Ke, ɗora ruwa. Inna, zo nan."

Maigidana yana Abhur, mahaifiyata tana bayan teku. A ɗakin Yaya na haihu, a kan katifarta, kafin kiran magariba. Inna ce ta karɓi haihuwar, mai wankin nan tana riƙe da kafaɗuna tana yi mini addu'a a kunne. Mace na haifa, ta zo da gashi baƙi cike da kai har goshi.

Inna ta ɗaga ta, ta juya ta, ta ce, "To, ga abin da kallon kura ya jawo mana." Ina cikin ciwo sai da na yi dariya.

Kwana arba'in matan nan suna karɓa-karɓa a kaina. Wannan ta kawo kunu, waccan ta yi wanki, Yaya ta tsaya a kan ruwan wankan jego da kanta. Da maigidana ya dawo ranar Alhamis ya tarar da ɗakinsa cike da matan da bai san rabinsu ba, ya tsaya a ƙofa da leda a hannu ya rasa wadda zai fara yi wa godiya. Yaya ta miƙa masa 'yarsa ta ce ya yi mata huɗuba, sannan ya je ya nemo rago.

Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya yanzu. Ina ambatonsu ɗaya bayan ɗaya in na idar da salla. Allah ya jiƙansu, ya saka musu da alheri.