Kwamfutar da Inna Ta Binne a Toka

Tun da ciwo ya taɓa wa Baba ɓarin dama, ya daina cin abinci da mutane. Bakinsa ya dawo, ƙafar ma ta dawo har yana zuwa masallaci da sanda, amma hannun dama ya naɗe a cinyarsa ya ƙi motsi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana buga takardu a biro, wato ofishin gwamnati na Madarumfa, yanzu sai ya tura ƙofa kafin ya kai loma baki da hagu. In abokansa sun zo gaisuwa, sai ya sa a ce yana barci, don kada su miƙo hannu ya rasa abin ba su. Likita ya ce hannun bai mutu ba, motsa jiki yake so, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya ba akuya ƙwallon.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Wuri ɗaya na taɓa zama kusa da shi har kafaɗa ta taɓa kafaɗa: gaban tsohuwar kwamfutar da aka bar masa lokacin da biro ya samu sababbi. Akwai wani wasa a cikinta, na wani ɗan mutum mai haƙa rami ƙarƙashin ƙasa yana tsintar duwatsu masu ƙyalli, dodanni na bin sa. Baba ya raɗa masa suna mai haƙar rijiya. Bayan la'asar yakan zauna ya ɗora yatsun dama a kan maɓallai, ni ina gefe ina ihu, “Ga shi nan bayanka!” Shi kuwa ko kallona ba ya yi, sai dai ya ce da bango, “A ce wa mai ihun nan ta yi hanƙuri.” Daga nan na kamu da son na'ura, har ta zama abin da nake koyarwa a Maraɗi.

Da na zo hutu na ga yadda ya koma, sai wasan nan ya faɗo mini. Na nemo shi a intanet, na sa shi a ƙaramar kwamfutata ta hanyar emilata, wato manhajar da ke sa sabuwar na'ura ta yi shigar tsohuwa don tsofaffin wasanni su yarda su tashi. Da farko ɗan mutumin ya riƙa gudu kamar an sa masa barkono, kafin ka ƙifta ido dodo ya cinye shi. Na rage saurin, na gyara sauti, na ɗauka na kai wa Baba ina jin kaina.

Ya duba, ya taɓa maɓalli ɗaya da ɗan yatsan hagu, ya ture mini abata.

“Wanga ba shi ba ne,” ya ce da labule. “Abu lahe kamar hwaranti, ka danna ba ka ji ka danna ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da saurin fushi, kuma a wurinsa na gado. Na fito tsakar gida na sami Inna tana gyaran kifin tafki, na tambaye ta ko ta san wanda ya kwashe tsohuwar kwamfutar.

“Wa za shi kwasa? Tana nan lahiya lau. Ni na aje ta da hannuna.”

Ta kai ni bayan rumbu, ta nuna mini wani tano, irin babbar tukunyar ƙasar nan, da aka rufe da faifai aka shafe bakinsa da laka. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan ajiya. Haka ake yi wa waken iri: a zuba shi cikin toka da ganyen dogon yaro, a liƙe, ƙwaro ba ya shiga. Shekarar da ruwa ya yi yawa har damshi ya hau bangon ɗakuna, Inna ta ga gara ta fara zagaya kwalin kwamfutar. Sai ta naɗe komai a tsohon zane, da akwatin da gilashin da allon maɓallai, ta binne su a toka kamar wake.

“Inna! Na'ura hwa ce!”

“To mi? Ɓera ya ci ta? Gara ta ci ta? Kin zo kina yi mani ido kamar na ubanki.”

Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Muka tono. Toka ta bi ta kowace ƙofar iska ta cika cikin akwatin dam. Amma da na kwance murfin na duba, ba tsatsa ko ɗigo, ba waya ɗaya da haƙori ya taɓa. Na sha ganin kwamfutocin da ba su kai rabin shekarunta ba sun ruɓe a ɗakin ajiya. Ban faɗa wa Inna haka ba, don na san ba zan huta da gori ba har Sallah.

Na fara share tokar da gashin zabo, na ga wata zai wuce ban gama ba. Na ɗora akwatin a baro na tura wurin mai faci na bakin tasha, na ce ya hura mata iskar da yake sa wa taya. Ya sa tiyo ya saki. Toka ta tashi ta rufe shi, ta rufe ni, ta rufe mai tsire da ke gefe da tsirensa. Zagin da na sha ranar ba ya rubutuwa. Na dawo gida fari fat, mata na leƙowa ta katanga suna tambayar ko gobara aka yi.

Sauran aikin na haƙuri ne, abin da ba ni da shi. Ƙaramin pil, wato ɗan batirin da ke cikin akwatin, ya mutu, na samu irinsa wurin mai gyaran agogo. Disket ɗin wasan kuwa, faya-fayan da Inna ta binne tare da ita, toka ta karce su, sun tashi aiki. Ma'ajiyar cikin na'urar ma sai ƙas-ƙas take yi ba ta karanta komai. Na shiga mota zuwa Maraɗi, wani mai gyara a kasuwa ya tono mini wani ɗan ƙarfe da ake soka wa katin ajiya, tsohuwar na'ura ta ɗauka ma'ajiyarta ce. Na zuba tsohon tsarin da ke tayar da na'urar da wasan a katin daga ƙaramar kwamfutata, na soka, na kunna. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta. Ashe katin ne ya yi mata girma, ba ta san ana yin ajiya mai faɗi haka a duniya ba. Sai da na yanka mata ɗan yanki daidai hankalinta.

Maɓallan na cire ɗaya ɗaya na wanke a ƙwarya, na shanya a tabarma. Inna ta tsaya tana korar kaji, tana cewa ita ba ta taɓa ganin an shanya boko ba.

Ranar da ta tashi, da hantsi ne, wutar kuran ba ta daɗe da dawowa ba. Na ajiye ta a zaure kan teburin Baba na dā. Fanka ta yi tari, ta tofo sauran toka, gilashin ya yi duhu, ya yi shuɗi, sai ga ɗan waƙen nan na farkon wasa, siriri kamar kukan gyare. Na daka tsalle na buga guɗa, ni da ban iya guɗa ba. Daɗin da na ji bai da misali.

Ban kira Baba ba. Na zauna na fara wasa, ina barin dodo yana cinye ni da gangan, waƙar mutuwa na tashi a kai a kai. Can na ji ƙarar sanda a bayana.

“A ce wa mai wasan nan ba haka a kai ba,” ya ce da bango. “Ta bar bin dutse, ta haƙa ta ƙasa.”

Na tashi na ba shi kujera. Ya kai hannun hagu, amma maɓallan tafiya suna can gefen dama, kuma hagunsa bai san hanya ba. Dodo ya cinye shi nan take. Ya yi tsaki. Sai ya sa hagu ya ɗago hannun dama daga cinyarsa, ya ɗora shi inda fentin maɓallan ya goge tun shekarun baya. Yatsan tsakiya ya yi rawa, ya yi rawa, ya danna. Ƙas! Mai haƙar rijiya ya taka taku ɗaya. Ni da Inna muna kallo daga bakin ƙofa.

Ban ce hannun ya koma kamar dā ba, har yau ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake. Amma kullum bayan la'asar zaure sai ya ɗau ƙas-ƙas, abokansa suka fara taruwa kallo suna ba shi shawarar banza. Kafin hutuna ya ƙare, wata Juma'a Inna ta aika da tuwo da miyar kifi zaure, na tsaya bayan ƙofa ina jira a ce a kai nasa ɗaki. Na ji ya ce a kawo ruwan wanke hannu. Na leƙa, na ga ya sa dama a akushi tare da kowa, loma na zubewa rabi, bai damu ba.

Ya hango ni. Bai juya ga bango ba, ni ya kalla.

“Ke,” ya ce, “in mun ƙare ki zo ki zamna. Dodannin ga sun yi yawa, ina son mai ihu.”