Molon Yaya Nomau Yana Nan a Ɗaure

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nomau, kuma shekara tara ke nan molonsa yana rataye a ɗakina a Gidan Rumji. Ga wanda bai san molo ba, ice ne ake fafewa a rufe da fata, a zura masa sanda, a ɗora tsirkiya uku. Kowace tsirkiya da zoben fata ake ɗaure ta a jikin sandar. In ka tura zoben sama murya ta hau, in ka jawo shi ƙasa ta sauka. Babu alama, babu rubutu, makaɗi ne kawai ya san inda zai tsaya.

Ranar da zai rasu an kira shi gayya a wata gona kusa da Cadakori. Ya zauna a zaure da hantsi, ya daidaita tsirkiyoyin a kan muryar da gidanmu ke kaɗa wa manoma take da ita tun kakanni, ya jingine molon, ya ce a damo masa fura kafin ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin da zai kai shi, ya iso. Bai sha furar ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

A gidanmu akwai doka: molo ba ya kwana da ɗamara. In an gama kiɗa sai a sassauta zobban, don kada tsirkiya ta ja sanda ta lanƙwasa ta, ko ta ci fatar. Na san dokar sarai, da ita aka raine ni. Amma da na dawo daga maƙabarta na ga zobban nan uku a inda yatsunsa suka bar su, sai hannuna ya ƙi. Na ɗauki molon na rataye shi haka nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi dalili. Ni aka kai lakol, wato makarantar boko, a gidanmu. A Maradi 'yan ajinmu suka gano cewa ni ɗan makaɗa ne, suka riƙa miƙo mini hannu suna kirari in na wuce. Na dawo gida malamin makaranta, da alli a aljihu da girman kai fal ciki, ban ƙara yarda an gan ni kusa da molo ba. Sau uku Yaya yana kirana in koyi ɗaurin. A na ƙarshe ya ce, "Malam, zamna in gwada maka. Ko ba ka kaɗawa, ka san shi. Ɗiyana sun tahi Libiya, kai ɗai ka rage." Na ce masa sai an yi hutun lakol. Bai yi fushi ba, dariya ya yi ya ci gaba da murza izga, gashin wutsiyar doki, a cinyarsa.

To, kun ga inda na shiga. Muryar gidanmu ba ta a kunnena, ba ta a kunnen 'ya'yansa, ba a taɓa ɗaukar ta a kaset ba. A ganina wuri ɗaya ta rage a duniya, wato inda zobban nan suka tsaya. In na sassauta su, na share ta da hannuna. In na bar su, molon yana mutuwa a gabana, don sandar ta fara yin baka, fatar kuma ta tsage kusa da gindin tsirkiyoyin. Damina ta saki fatar, rani ya ɗame ta, kowace shekara tsagar na ƙara tsawo. Gaba kura, baya sayaki.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Gayya ta yi wuya, gonakin da ke wajen iyaka ma da ɗar-ɗar ake noma su, kowa na duban rana kada yamma ta riske shi a daji. A wurin biki wayar hannu ake haɗawa da lasifika. 'Yan tsirarun samarin da ke taɓa molo da zaren kamun kifi suke ɗaure shi. Shi kuwa izgar ingarma kawai yake yarda da ita, ya ce ta goɗiya fitsari ya riga ya cinye ƙarfinta. Sai ya jiƙa ta, ya tsame gashin ɗaya bayan ɗaya, ya murza har ya zama tsirkiya. Na san zai yi wa samarin nan ba'a har su ji kunya. Na kuma san halinsa, da ya ga dawaki sun yi ƙaranci zai aika a sayo masa zaren a ɓoye, don shi kiɗan ne ya dame shi. Ni ne zai fi yi wa faɗa.

Bara wani mutum ya zo daga Yamai. Yana bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin molaye da garayu da gurmi, wai suna da ƙungiya mai raya kiɗan da. Mutumin kirki ne, ya san abin da yake dubawa. Ya juya molon, ya shinshina fatar, ya ce icen lafiyayye ne, zai sake masa sanda da tsirkiya a ci gaba da kaɗa shi a gaban jama'a. Yana cikin magana ya kai yatsa kan zoben farko. Ban san lokacin da na buge masa hannu ba. Ni da furfurata, a ɗakina, na bugi baƙo. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ya ajiye molon a hankali, ya ce in na bar shi haka ba zai ga damina biyu ba, ya yi sallama.

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Watan jiya, ranar kasuwa, na hangi Buba a wajen masu shanu. Bafillace ne, aminin Yaya, shi ma yana kaɗa molo irin nasu, kuma sun sha zama gindin gawo ɗaya suna musayar take. Na ja shi gida. Dabarata ita ce ya taɓa tsirkiyoyin in ɗauki muryar a waya, sannan in sassauta su hankalina kwance. Na kunna wayar, ya taɓa ta farko, ta biyu, ta uku.

"Malam, wannan ba muryar Nomau ba ce," in ji shi.

Na ce ya sake ji, zobban nan ko ƙuda bai motsa su ba.

"Zobe bai motsa ba, izga ta motsa. Izga miƙewa take. Ko kwana uku ba ta riƙe murya. Shi kullum da kunne yake nemo ta."

Na roƙe shi ya nemo mini ita. Ya ce ɗaurin Fulani daban, namu na Gobirawa daban. In ya ji ta zai gane ta, amma hannunsa bai san hanyarta ba. Ya ƙara da cewa izgar ta mutu, ana ja za ta tsinke.

Wato shekara tara ina gadin rumbun da babu hatsi. Muryar ta tafi tun kafin a yi sadakar bakwai, ni kuma ina nan ina kashe molon a kanta, ina korar wanda zai raya shi. Da na sani ƙeya ce. Kuna tsammani wannan zai sake ni, ni ma haka na zata. Bayan tafiyar Buba na sauko da molon, na yi bismilla, na jawo zoben farko, na jawo na biyu. Icen da ke ƙarƙashinsu fari tas. Da na zo kan na uku, na gajeriyar tsirkiyar da yake bugawa da babban yatsa, sai na ga shatar farcensa a jikin fatar zoben, inda ya danna ya tura a safiyar nan. Na mayar da molon kan ƙusa.

Me ya rage na Nomau? Akwai tsofaffin manoma da har yanzu ke tare ni a kasuwa su ce in hauya ta yi musu nauyi sukan ji takensa a ka. Akwai Buba, da zai gane muryar in wani ya zo da ita, kuma babu mai zuwa. Akwai shatar farce ɗaya a kan zoben fata, da tsirkiya ɗaya da ke ci gaba da jan sandar. Mutumin Yamai ya bar mini lambarsa, tana cikin aljihun rigata ta Juma'a, ban kira ba, ban yar ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, na kuma san abin da daminar bana za ta yi wa fatar.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Shekara huɗu ke nan da na ajiye alli. Hutun lakol ɗin da na ce ka jira ya zo, kullum ina gida, ina zaune a zaure.