Ƙayar Karfasa

Ƙayar karfasa ce ta maƙale wa matata a maƙogwaro, shekarar da muka koma Gashuwa daga Nguru. Na sa ta riƙa haɗiyar lomar tuwo ba taunawa, yadda muka taso muka ga ana yi, har yawu ma ya gagare ta haɗiya. Sai a lokacin na kai ta asibiti.

Likita ya zura mata siririn bututu ta hanci, mai fitila da ɗan gilashi a baki, ya ce in leƙa ta ɗaya bakin. Ja kawai na gani, dishi-dishi.

"Baba, gilashin ne ya manne da nama. Bari in ja shi baya kaɗan."

Yana ja, hoton ya washe. Ga ƙayar nan kamar taɓarya, ta nutse cikin kumburi. Ya ce kusancinta da gilashin ne ya sa ta girma haka, amma tuwona ne ya cusa ta ciki.

Da ya zaro ta, ko rabin tsinken ashana ba ta kai ba. Na kasa haɗa ido da matata. Ta kurɓi ruwa a hankali, ya wuce, ta miƙo mini kofin.

"Malam, ƙaro mini."